Inabin Kudan, zoɓon Jigawa, masar Bauchi: Darajar da ke cikin sunan gari

Duk wanda aiki ya taɓa kai shi walimar gwamnati a Bauchi, ko ta ɗaurin aure a ɗaya daga cikin manyan gidajen garin, ya san yadda ake jera teburin manyan baƙi. Masa tana gefe da miyar taushe, ga balangu ko soyayyar zabuwa, sannan a tsakiya a kafa dogayen kwalabe masu jan ruwa, an naɗe bakinsu da takarda mai ƙyalli. Ruwan inabi ne marar sa maye, kuma mafi yawansa daga waje yake zuwa, ko dai a kwalabarsa ko a matsayin tataccen ruwa mai kauri da kamfanoni ke tsinkawa su ɗura a nan. A gefen faranti kuma akan ga 'ya'yan inabi a ƙaramar roba, wadda takardar jikinta takan nuna Afirka ta Kudu ko ƙasar Masar.

Kabewar miyar ta gida ce, ragon daga kasuwar ƙauye aka sayo shi, matar da ta toya masar ma 'yar unguwa ce. Abin da ya fi komai tsada a teburin idan aka auna da nauyinsa, shi ne ya ƙetaro teku, kuma da kuɗin waje aka biya. Alhali kuwa ana noman inabi a Ƙaramar Hukumar Kudan da ke arewa da Zariya, kuma jan abin sha da Arewa ta gada, wato zoɓo, 'yan kasuwa suna loda busasshensa a kwantena zuwa Meziko.

Ƙasashen da suka yi arziki da inabi, giya suke yi da mafi yawansa, kuma wannan hanya ce da Musulunci ya haramta, dokokin Shari'a da Jihar Bauchi ta ƙaddamar a 2001 ma suka taƙaita sayar da ita. Sai dai a cikin tarihin waɗannan ƙasashe akwai darussa biyu da ba ruwansu da maye. Na farko shi ne yadda suka ɗaure amfanin gona da sunan garin da ya fito har sunan ya zama dukiya. Na biyu shi ne yadda suka nazarci abin shan da ya dace da kowane irin abinci. Dukkansu biyu Bauchi tana da kayan aikinsu a ƙasa, kuma wani sashe na abin da ya rage a kan teburan ma'aikatu yake a Abuja.

Yadda gari ke sayar da sunansa

Kurangar inabi tsohuwar shuka ce. Masu tonon kayan tarihi sun gano tuluna masu alamar ruwan inabi a ƙasar Jojiya da suka kai kimanin shekara 8,000. Sunan ma da Hausa ta san shi da shi daga Larabci ya zo, kamar yadda zabibi, wato busasshensa, ya zo. Almajiran Sira sun san labarin inabin da Addas ya miƙa wa Manzon Allah (SAW) a wata gona bayan mutanen Ɗa'ifa sun jefe shi, kuma har gobe Ɗa'ifa tana cikin wuraren da aka sani da wannan ɗan itace a Saudiyya.

A Turai kuwa, kowane yanki ya riƙe irin da ya fi karɓar ƙasarsa, ya zauna a kansa ɗaruruwan shekaru. Yankin Bordeaux na kudu maso yammacin Faransa ya shahara da Cabernet Sauvignon da Merlot, na farkon mai kaurin ɓawo da ƙananan 'ya'ya, na biyun mai saurin nuna da laushin ɗanɗano. Bourgogne ta riƙe Pinot Noir, iri mai siririn ɓawo da ba ya jure zafi. Yankin Chianti na Italiya yana da Sangiovese mai tsami, Rioja ta Sifaniya tana da Tempranillo. Da Turawa suka bazu, sai suka tafi da yankan rassa: Malbec ya bar Faransa ya sami gida a Mendoza ta Ajantina, a gindin duwatsun Andes, Shiraz ya zauna a kwarin Barossa na Ostireliya. A Afirka ta Kudu an fara matse inabi a 1659, kuma a 1925 wani malamin Jami'ar Stellenbosch mai suna Abraham Perold ya haɗa Pinot Noir da Cinsaut ya fitar da irin da ake kira Pinotage, wanda ƙasar take taƙama da shi a yau.

Abin lura shi ne, waɗannan yankuna ba su bar sunayensu a hannun kowa ba. A 1716 mai mulkin Tuscany, Cosimo na Uku, ya shata iyakar ƙasar da za ta iya kiran abin da ta noma Chianti. A 1756 Fotugal ta yi haka ga kwarin Douro. A 1855, lokacin babban baje-kolin birnin Faris, aka jera manyan gonakin Bordeaux hawa biyar bisa daraja da farashi, kuma jerin ya tsaya kusan yadda yake, babban canjin da aka yi masa shi ne ɗaga gonar Mouton Rothschild zuwa hawan farko a 1973. A 1935 Faransa ta kafa hukuma ta musamman da ke ƙayyade wane iri za a shuka a wane yanki, nawa za a girba a kowace hekta, da yadda za a sarrafa shi kafin a ba shi sunan wurin.

Wahala ce ta kai su ga wannan tsari. Daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ya shigo daga Amurka ya cinye mafi yawan gonakin inabin Faransa. An shawo kansa ne ta hanyar yi wa kurangar Turai aure da saiwar kurangar Amurka mai jure ƙwaron, irin auren da ake yi wa mangwaro a lambunan Arewa. To amma a shekarun ƙarancin, 'yan algus sun cika kasuwa da jabu, suna liƙa masa sunayen manyan yankuna. Manoma na gaskiya suka ga cewa idan ba doka ta tsare sunan ba, guminsu wani zai ci. Sakamakon ke nan da ake gani yau: ba wanda ya isa ya rubuta Champagne a kwalba a Tarayyar Turai sai wanda ya noma ya kuma sarrafa a wannan yanki, shi ya sa Sifaniyawa suka sa wa tasu suna Cava.

Abin da harshe ke ji

Darasi na biyu a baki yake. Ruwan cikin mafi yawan inabi, ko da baƙi ne, fari ne tas. Jan launin daga ɓawo yake fitowa idan aka jiƙa shi tare da ruwan, kuma tare da launin akwai wani sinadari mai suna tanin da ke fita daga ɓawon da ƙwallon. Bahaushe ya san wannan sinadari tun kafin ya ji sunansa. Shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, shi ne kuma baurin da ake ji a ɗanyen goro ko shayin da ya daɗe a wuta. Aikinsa ɗaya ne a ko'ina: yana kama sinadarin gina jiki ya ɗaure shi. A marina fata yake kamawa, a baki kuwa yawu yake kamawa, shi ya sa harshe ke bushewa.

Daga nan ƙa'idojin da masu dafa abinci na Turai ke bi suka samo asali. Abin sha mai bauri yana son nama mai kitse, domin naman yana ɗauke baurin, baurin kuma yana wanke maiƙon. Don haka suke haɗa Cabernet Sauvignon da gasasshen rago, Malbec da naman sa da aka gasa a kan garwashi kamar yadda mutanen Ajantina ke yi. Abin sha mai tsami yana tafiya da abinci mai tumatir ko mai yawa, shi ya sa Sangiovese ya zama abokin taliyar Italiya. Mai sauƙin jiki irin Pinot Noir na tsuntsaye ne da kifi mai kitse. Barasa tana ƙara wa barkono zafi, zaƙi kuma yana kwantar da shi. Sannan abin sha bai kamata ya gaza kayan zaƙin da aka ci da shi zaƙi ba, in ba haka ba sai ya koma salam a baki.

In aka cire maganar barasa, duk sauran ƙa'idojin suna aiki a kan teburin Bauchi, kuma zoɓo ya cika sharuɗɗan. Jan launinsa daga dangin sinadarin da ke rina ɓawon inabi yake, yana da tsami na halitta, yana da ɗan bauri. Wanda ya taɓa ganin an jefa ƙanwa a tukunyar zoɓo ya ga yadda launin ke komawa duhu tsamin ya faɗi, alamar cewa mai haɗawa tana da ikon juya shi yadda take so.

Balangu da tsire, masu kitse da hayaƙi, sun fi daɗi da zoɓo mai kauri wanda ba a cika wa sukari ba, an sa masa kanumfari da ɗan masoro, saboda tsamin ne zai share maiƙon ya shirya baki don lomar gaba. Kilishi ya bambanta: busasshe ne, ga yaji ga gishiri ga tunkuzar gyaɗa, don haka yana neman abin sha mai zaƙi da sanyi, kamar ruwan jan inabi ko zoɓon da aka haɗa da abarba. Zoɓo mai yawan citta a kan kilishi wuta ce a kan wuta. Masa tana da nata tsamin na ƙullin da ya kwana, miyar taushe kuma tana da garɗin gyaɗa da zaƙin kabewa, wani lokaci da tsamin yakuwa. Idan aka ɗora mata zoɓo mai tsami sosai, tsami ya yi yawa, gara mai sauƙi ko kunun aya. Farfesun kayan ciki mai barkono yana son abin da zai kashe zafi, kuma a nan nono ya fi kowane jan abin sha, domin sinadarin madara yana wanke abin da ke sa barkono zafi, abin da ruwa ba ya iyawa. Alkaki da nakiya da dubulan kuwa sun fi ƙarfin zoɓo da ruwan inabi duka, shayi marar sukari ne ke iya musu.

Matan da ke girkin biki a Bauchi sun san mafi yawan wannan a aikace, ko da ba su taɓa rubuta shi ba. Bambancin kawai shi ne Bafaranshe ya rubuta nasa, ya koyar da shi a makaranta, ya mai da shi sana'ar da ake biyan albashi a kanta a manyan otal-otal.

Kwalbar da ke gaban mai gida

Ga hadiman manyan jami'ai da ma'aikatan sashen karɓar baƙi, wannan magana tana da wani gefe na aiki. Abin da aka zuba a kofi yakan zama batun diflomasiyya. A watan Janairun 2016 kafafen yaɗa labarai sun ruwaito cewa an fasa liyafar cin abinci tsakanin Shugaba François Hollande na Faransa da Shugaba Hassan Rouhani na Iran, saboda ɓangaren Iran ya nemi a cire giya daga teburin, Faransawa kuma suka ƙi. Hadimin da ke shirya wa mai gidansa tafiya ko liyafa, aikinsa ne ya san abin da ke cikin kwalba kafin a buɗe ta.

Kwalaben da ake kira marasa maye iri biyu ne, kuma kamanninsu ɗaya. Akwai ruwan inabi tsantsa wanda bai taɓa tsimuwa ba. An matse shi, an ɗumama shi don kashe yis ɗin da ke mai da sukari barasa, wani lokaci a ɗura masa iska. Wannan dabara wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna Thomas Welch ya fara amfani da ita a 1869, domin cocinsa ya sami abin sha marar maye. Akwai kuma giyar da aka gama haɗa ta sannan aka zare mata barasa da na'ura. A dokar Tarayyar Turai ta 2021, ana iya kiran irin wannan wadda aka cire wa barasa muddin abin da ya rage bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Malamai sun yi magana a kan hukuncin iri na biyun, kuma mutane da yawa suna guje masa. Abin da ya wajaba a kan hadimi shi ne ya juya kwalbar ya karanta bayanta, ya duba adadin barasa da jerin kayan haɗi da lambar hukumar NAFDAC, kada ya dogara da kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba.

Mafi sauƙi daga duk wannan shi ne abin shan da ba ya buƙatar bincike. Ƙasar Masar da Sudan suna miƙa wa baƙo karkade ba tare da jin kunya ba, Senegal tana alfahari da bisaf, Ghana tana da sobolo, kuma duk zoɓo ne. A Najeriya kaɗai ake ganin kamar darajarsa ba ta wuce ƙullin leda da tsohuwar robar ruwa ba. Tsabta da mazubi ne suka rage masa daraja, kuma duka biyun ana iya gyara su.

Inabi a ƙasar zafi

Littattafan noma na dā sukan ce inabi na ƙasashen da ke tsakanin digiri 30 zuwa 50 ne daga layin da ya raba duniya biyu, inda sanyin hunturu ke sa kuranga ta zubar da ganye ta yi barci, ta farka da bazara. Garin Bauchi yana wajen digiri 10 ne, don haka a wancan lissafi ba ya ciki. To amma manoma a ƙasashen zafi sun rushe lissafin. Sun gano cewa almakashi da ruwa suna iya yin aikin hunturu: a janye ban-ruwa, a cire ganye, a datse rassa, sannan a dawo da ruwa, sai kurangar ta tofo kamar ta fito daga sanyi. Manomi ne ke zaɓar ranar datsa, don haka shi ne ke zaɓar lokacin girbi.

A Indiya, yankin Nashik na Jihar Maharashtra ya zama cibiyar inabin ci, inda ake datsa sau biyu, wajen Afrilu don gina rassa da wajen Oktoba don 'ya'ya, a girba a rani a kai Turai. Gwamnatin ƙasar ta kafa cibiyar binciken inabi ta musamman a Pune a 1997. Misalin da ya fi kusa da Bauchi shi ne Petrolina a arewa maso gabashin Barazil, wadda take wajen digiri 9 a kudu da layin, ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwan sama. Da ruwan Kogin São Francisco ake girbi sau biyu a shekara a can, kuma hukumar binciken noma ta ƙasar, Embrapa, ta fitar da irin BRS Vitória a 2012, baƙin inabi marar ƙwallo mai jure cutar fumfuna. Irin inabin ci da suka mamaye kasuwar duniya, kamar Thompson Seedless da Crimson Seedless da Red Globe, sun bambanta da na giya: 'ya'yansu manya ne, ɓawonsu siriri, kuma an zaɓe su ne don su jure tafiya.

Manoman Kudan da Hunƙuyi sun tabbatar da cewa ƙasar Hausa ma tana karɓa. Yankin da aka sani da rake da mazarƙwaila da tumatir yanzu yana da gonaki masu rumfunan turaku da waya, kuranga ta hau ta rufe, nonon inabi yana reto a ƙasa. Babban abokin gabar inabi shi ne laimar damina da ke haifar da fumfuna a ganye da 'ya'ya, don haka busasshiyar iskar hunturu da dogon rani na Arewa alheri ne gare shi, matuƙar akwai ruwan ban-ruwa. Kusancin yankin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da hukumar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello wata dama ce da ba kowane yanki ke da ita ba.

Sai dai noma ne mai cin jari. Rumfa da waya da rijiyar burtsatse duk kafin a ga ƙwaya ɗaya ake kashe musu kuɗi, kuma kuranga takan wuce shekara kafin ta fara biya, ko da yake idan ta kama takan yi shekaru da yawa tana bayarwa. Matsalar da ta fi wannan ita ce bayan girbi. Inabi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne da ake tsinka ɗanye ya nuna a hanya. Daga ranar da aka yanke shi zaƙinsa ba ya ƙaruwa, don haka dole a bar shi ya nuna a jikin uwarsa, kuma nunannen inabi a zafin Maris kwanakinsa kaɗan ne. Wanda ya taso daga Afirka ta Kudu yana iya yin makonni a teku ya iso lafiya saboda tun daga gona yake cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa. Na Kudan, da ba ya samun irin wannan gata, dole a sayar da shi nan take a farashin da mai saye ya yanka. Tazarar da ke tsakanin su biyun a kantunan Abuja ta ɗakin sanyi ce da mazubi, ba ta ƙasar noma ba.

Jihar Bauchi tana da abubuwan da irin wannan noma ke nema. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 600, yankin Toro da ke jingine da tsaunukan Jos ya fi haka sanyin dare, kuma sanyin dare yana taimaka wa jan inabi ya yi launi. Akwai madatsun Gubi da Waya kusa da gari, akwai fadamun Jama'are da suka saba da noman rani, ga aikin madatsar Kafin Zaki da aka shafe shekaru da dama ana jiran kammalawarsa. Akwai sashen noma a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai Kwalejin Aikin Gona ta jiha, sannan a Dadin Kowa ta Jihar Gombe, wadda take cikin tsohuwar Bauchi kafin 1996, akwai Kwalejin Tarayya ta Noman Lambu da reshen cibiyar NIHORT. Kasuwar Muda Lawal kuma ta riga ta zama matattarar kayan marmari. Duk da haka, sai an gwada akan san na ƙwarai. Gonar gwaji ta 'yan kadada, da iri uku ko huɗu, a ƙarƙashin kulawar masana na tsawon shekara uku, ita ce za ta faɗi gaskiyar ƙasar kafin a tura talaka ya ci bashi.

Wa ya mallaki sunan?

Ko da an noma an adana, saura suna. A nan maƙwabta sun riga Najeriya. Ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashe 17 galibinsu masu amfani da Faransanci, ta fara rajistar amfanin gona da sunan yankinsa a 2013, da masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru da gahawar Ziama-Macenta ta Gini. Daga baya Jamhuriyar Nijar ta yi rajistar albasar Galmi da kuma kilishinta. Wannan rajista ba ta hana mahaucin Bauchi ko na Kano yin kilishi ba. Abin da ta yi shi ne ta ba mahaucin Nijar takarda mai ƙayyade irin naman da yadda ake shanya shi da kayan haɗinsa, wadda zai nuna wa mai saye a waje ya ce ga shaidata. Na Najeriya ba shi da irinta.

Najeriya ba ta cikin OAPI. Dokar alamun kasuwanci da ta daɗe tana aiki da ita ta 1965 ce, kuma an tsara ta ne don kare alamar kamfani, ba sunan gari da dubban ƙananan masu sana'a suka yi tarayya a kansa ba. An shafe shekaru ana aikin daftarin doka ta musamman a kan wannan, kuma ofishin rajistar yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. A watan Fabrairun 2023 shugabannin Afirka suka amince da sashen haƙƙin mallakar fasaha na yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar, wanda ya haɗa da sunayen yankuna. Ma'ana, kasuwar da ake buɗewa za ta fifita wanda ya zo da takardarsa.

Zoɓo ya riga ya nuna abin da rashin tsari ke jawowa. Jigawa da maƙwabtanta ne ke noma mafi yawansa, kasuwar Maigatari na cikin manyan wuraren tara shi, Meziko kuma ita ce babbar mai saye, inda ake shan sa da sunan ruwan jamaika. Da aka sami ƙwaron ajiya a cikin wasu kaya, Meziko ta rufe ƙofa, farashi ya faɗi a hannun manoman da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sai da hukumar NAQS mai kula da lafiyar amfanin gonar da ke fita ta yi doguwar tattaunawa da gyaran hanyar feshi kafin a sake buɗewa. Har yanzu kuma a buhu yake fita, ba sunan gari ba sunan manomi, ribar sarrafawa da ta mazubi duk a can take zama.

Masar Bauchi ma haka take. A Abuja da Kaduna da Legas ana kafa allo a rubuta sunanta don jawo masu saye, ko da mai tuyar ba ta taɓa taka Wunti ba. Wannan shaida ce cewa sunan yana da kuɗi, shaida ce kuma cewa ba mai tsaron sa. Ba a ce a hana kowa tuya ba, amma ƙungiyar masu sana'ar a garin tana iya rubuta abin da ya sa tasu ta zama tasu, irin shinkafar da tsawon kwanan ƙulli da tandar da ake amfani da ita, ta sami alamar da za a san ta da ita.

Abubuwan da ake buƙata ba su fi ƙarfin gwamnati ba, kuma kowanne yana da ofishin da ya rataya a wuyansa. Dokar sunayen yankuna tana hannun Ma'aikatar Ciniki da Majalisar Tarayya. Gwajin iri da samar da yankan rassa masu lafiya aikin cibiyoyin bincike ne da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Noma. Ruwan madatsu na hukumomin raya kogunan da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ne. Ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a bakin gona kuma bashi mai sauƙi yake jira daga bankunan raya ƙasa. Akwai kuma wanda ba ya buƙatar doka ko kasafi: jami'in da ke rubuta jerin abin da za a saya don taron ma'aikata ko liyafar baƙi yana da ikon rubuta zoɓo mai rajistar NAFDAC, da inabin gida a lokacin kakarsa. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya riga ya wajabta wa ma'aikatu fifita kayan gida a sayayyarsu. Manomin da ya san akwai mai saye tabbatacce duk shekara shi ne zai yarda ya kafa rumfa ta biyu.